Karatun Kwaleji Kyauta a Amurka: Wa Ya Cancanta, Wa Ke Cin Moriya?

Duk gidan da ke da ɗa ko 'yar da ta gama sakandare ya san irin nauyin da kuɗin makaranta ke ɗora wa iyaye. Shi ya sa kunne kan tashi idan aka ji labarin wata ƙasa da ake karatun gaba da sakandare ba tare da biyan ko kwabo ba. A 'yan shekarun nan irin wannan labari ya fi fitowa daga Amurka, inda jihohi da dama suka yi shelar cewa sun ɗauke wa ɗalibai kuɗin makaranta a kwalejojin da suke kira kwalejojin al'umma. Maganar gaskiya ce, amma akan kawo mana kanta ne a bar gangar jikinta. A yau za mu duba ta dalla-dalla, mu ga su wa aka yi wa wannan alkawari, wane sharaɗi aka gindaya musu, me ake biya, me kuma ake bar wa ɗalibi ya ji da shi. Za mu fi tsayawa a kan jihar Tennessee, domin da ita sauran jihohi suka fi yin koyi.

Mece Ce Kwalejin Al'umma?

Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu wadda ake shiga bayan sakandare. Idan ana neman abin da ya yi kama da ita a wajenmu, to sai a ce kwalejin kimiyya da fasaha, inda ake samun ƙaramar difloma cikin shekara biyu. Akwai irin waɗannan kwalejoji kimanin 1,000 a faɗin Amurka, kuma wadda aka fi sani a matsayin ta farko ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Galibinsu ba sa tsananta wa mai neman shiga. Wanda ya gama sakandare yakan sami gurbi. Yawancinsu ba su da ɗakunan kwana, saboda an gina su ne kusa da jama'a domin ɗalibi ya riƙa zuwa daga gida.

Hanya biyu ce a gaban wanda ya shiga. Yana iya koyon aikin da zai ci abinci da shi nan da nan, kamar aikin jinya, walda, gyaran injuna, aikin lantarki ko na kwamfuta. Yana kuma iya yin shekara biyun farko na digiri a nan cikin rahusa, sa'an nan ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran biyun.

Tunanin mai da wannan karatu kyauta ya daɗe. Tun a 1947 wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawarar a ƙara shekara biyu a kan karatun da gwamnati ke bayarwa kyauta. Shawarar ta kwana a takarda shekara da shekaru. A watan Janairun 2015 Shugaba Barack Obama ya je kwalejin Pellissippi da ke Knoxville a Tennessee, ya gabatar da shirin yin haka a ƙasa baki ɗaya, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 60 cikin shekara 10. Majalisa ba ta amince ba. Shugaba Joe Biden ya sake kawo maganar a 2021, ita ma aka cire ta daga ƙudurin kafin a kai ko'ina. Saboda haka shirye-shiryen da ake da su na jihohi ne, da na birane, da na masu hannu da shuni, kuma kowanne da irin dokarsa. Wannan ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe: abin da ya halatta ga yaro a wata jiha ba lalle ne ya halatta ga ɗan'uwansa a jihar da ke maƙwabtaka da ita ba.

Yadda Tennessee Ta Fara

Abin ya soma ne daga ƙasa. A 2008 wasu shugabanni da 'yan kasuwa na yankin Knox suka kafa wani shiri mai suna Knox Achieves, suka tara kuɗi daga aljihun jama'a domin biya wa yaran yankin kuɗin kwalejin al'umma, suka kuma haɗa kowane yaro da wani babba da zai riƙa yi masa jagora. Cikin waɗanda suka sa hannu akwai Bill Haslam, wanda a lokacin shi ne magajin garin Knoxville. Shirin ya bazu zuwa wasu yankuna, aka sake masa suna ya koma tnAchieves.

Da Haslam ya zama gwamna, sai ya sa wa jihar buri cewa kafin 2025 kashi 55 cikin 100 na manyanta su kasance da digiri ko wata takardar shaida ta gaba da sakandare. Hujjarsa ta tattalin arziki ce: masana'antu suna neman ma'aikata masu horo, kuma jihar da ba ta da su za ta ga ayyuka suna wuce ta. A watan Fabrairun 2014 ya gabatar da shirin Tennessee Promise, wato alkawarin Tennessee. Majalisar jiha ta amince da shi a shekarar, kuma waɗanda suka gama sakandare a 2015 su ne suka fara shiga. A lokacin shirin ya shafi kwalejojin al'umma 13 da kwalejojin koyon sana'a 27, da kuma wasu jami'o'i masu ba da takardar shekara biyu.

Daga ina kuɗin ya fito? An ware kimanin dala miliyan 300 daga rarar kuɗin cacar da gwamnatin jihar ke gudanarwa, aka zuba a asusu na musamman, ana juya shi, ana biyan kuɗin makaranta da ribarsa. Wannan wuri ne da mai bi zai tsaya ya yi tunani. Lokacin da aka jefa ƙuri'ar halatta cacar a 2002, ikilisiyoyi da yawa a jihar, musamman na Baftis, sun yi yaƙi da ita, amma masu goyon baya suka yi rinjaye, aka fara sayar da tikiti a 2004. Har gobe masu suka suna cewa marasa ƙarfi ne suka fi kashe kaso mai yawa na abin hannunsu a kan tikitin caca, don haka akwai alamar tambaya idan da kuɗinsu ake ilimantar da 'ya'yan waɗanda suka fi su hali. Masu kare shirin kuma suna cewa tun da kuɗin ya riga ya taru, babu inda ya fi dacewa a kai shi kamar makaranta.

Wa Ya Cancanta?

Ga sharuɗɗan kamar yadda aka kafa shirin da su. Akan yi musu ƙananan gyare-gyare daga lokaci zuwa lokaci, amma ginshiƙansu suna nan.

Na farko, dole ɗalibi ya kasance mazaunin Tennessee, ya kuma gama sakandare a jihar, ko a makaranta ne ko karatun gida wanda hukuma ta yarda da shi, ko kuwa ya ci jarrabawar da ke daidai da ta sakandare kafin ya cika shekara 19. Ba a tambayar abin da iyayensa ke samu, ba a kuma neman ya zo na ɗaya a aji. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, mai ƙoƙari da matsakaici, duk ƙofa ɗaya suke bi.

Na biyu, ya cika takardar nema tun yana ajin ƙarshe na sakandare, a farkon watan Nuwamba, wato wajen wata 9 kafin ya sa ƙafa a kwaleji. Wanda ya yi sakaci ranar ta wuce, to ya yi asara.

Na uku, ya cika fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, wanda ake kira FAFSA. A cikinsa ake bayyana abin da iyali ke samu, da shi kuma ake gane ko ɗalibi ya cancanci wani tallafi daga tarayya. Cika shi kyauta ne, kuma ana sabunta shi kowace shekara.

Na huɗu, ya halarci taron wajibi da ake shirya wa masu nema, inda ake yi musu bayani, a kuma haɗa su da masu yi musu jagora.

Na biyar, ya yi aikin taimakon jama'a na awa 8 saboda kowane zangon karatu, ba tare da an biya shi ba, ya kuma kai shaidar aikin kafin ranar da aka tsayar.

Na shida, ya shiga kwaleji a matsayin cikakken ɗalibi, wato ya ɗauki darussan da suka kai awa 12 a mako bisa lissafin makaranta, ya kuma ci gaba zango bayan zango ba tare da yankewa ba, sai fa da uzuri mai ƙarfi kamar rashin lafiya.

Na bakwai, ya riƙe matsakaicin maki 2.0 daga cikin 4.0. Tallafin yakan kai zango 5 a kwalejin al'umma, ko ya tsaya ranar da ɗalibi ya sami takardarsa, duk wanda ya riga zuwa.

Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko wanne daga cikin sharuɗɗan nan ƙarami ne in an dube shi shi kaɗai, amma a kowane mataki akwai waɗanda ke zubewa. A shekarar farko yara kimanin 58,000 ne suka nema, waɗanda suka shiga kwaleji a ƙarƙashin shirin kuwa kimanin 16,000 ne. Kada a ɗauka sauran duka sun faɗi ne. Da yawa sun nema ne don ko-ta-kwana, daga baya suka tafi jami'a, wasu suka shiga soja ko suka kama aiki. Amma akwai waɗanda abin da ya raba su da wannan dama bai wuce taro guda da ba su je ba, ko takarda ɗaya da ba ta isa a kan lokaci ba.

Me Ake Biya, Me Ake Bari?

Nan ne gizo yake saƙa. Shirin Tennessee na cike giɓi ne. Wato sai an fara lissafa duk tallafin da ɗalibi ya samu daga tarayya da kuma sauran tallafin jiha, a cire daga kuɗin makaranta, in akwai saura shi ne shirin zai biya. In babu saura, shirin ba ya ba da komai.

Babban tallafin tarayya ga marasa ƙarfi shi ne wanda ake kira Pell, sunan wani sanata na jihar Rhode Island, Claiborne Pell. An kafa shi a 1972, kuma kyauta ce, ba rance ba. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 mafi yawan abin da ɗalibi zai iya samu daga gare shi dala 7,395 ne. A wannan shekarar kuwa matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yanki wajen dala 4,000 ne. Duk wanda ya dubi waɗannan alkaluma biyu zai ga inda maganar ta dosa.

Mu yi misali da yara biyu da suka gama aji ɗaya, a ce kuɗin makarantarsu dala 4,500 ne a shekara. Ta farko 'yar gidan marasa ƙarfi ce, ta sami cikakken tallafin Pell. Tallafin ya biya kuɗin makarantar duka, har an yi rarar kusan dala 2,900 an miƙa mata. Da shirin jiha ya zo cike giɓi bai tarar da giɓi ba, saboda haka bai ba ta ko sisi ba. Na biyu iyayensa ma'aikata ne masu rufin asiri, abin da suke samu ya wuce a ba shi Pell. In ba shi da wani tallafin, shirin jiha ne zai biya masa dala 4,500 ɗin cif. To, ka ga a wajen rabon kuɗi wanda ya fi ƙarfi shi ya fi samu. A 2018 wasu cibiyoyin nazarin ilimi a Amurka, ciki har da Education Trust, sun fitar da rahotanni suna sukar irin wannan tsari a kan wannan dalili.

Sa'an nan kuma kuɗin makaranta ƙaramin ɓangare ne na abin da karatu ke ci. Idan aka haɗa da wurin kwana, abinci, littattafai, kayan aiki da sufuri, ƙiyasin abin da ɗalibin kwalejin al'umma ke bukata a shekara ya kai kimanin dala 20,000. Shirin Tennessee na asali ba ya sayen littafi, ba ya zuba mai a mota, ba ya biyan haya. A ƙauyukan jihar inda babu motar haya, wanda ba shi da abin hawa ba shi da hanyar zuwa aji. Ga kuma sharaɗin zama cikakken ɗalibi, wanda ke rage lokacin da yaro zai yi aikin neman kuɗi, alhali wani da albashinsa ake cefane a gidansu. Irin wannan yaro ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da shi ba. Taya ce za ta fashe, ko a canza masa lokacin aiki, ko mahaifiya ta kwanta ciwo, sai karatu ya tsaya. Jihar kanta ta gane haka, shi ya sa daga 2021 ta fara gwajin ba mabukata daga cikin ɗaliban shirin ɗan tallafin gaggawa domin irin waɗannan larurori.

To, Ina Amfanin Shirin Ga Talaka?

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne ashe an yi wa talaka romon baka ke nan. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna maganar ta fi haka zurfi. A shekarar da shirin ya fara, yawan waɗanda ke wucewa kwaleji kai tsaye daga sakandare a Tennessee ya tashi daga kashi 58 da 'yan kai zuwa sama da kashi 62 cikin 100. Jihar ta kuma shiga sahun gaba a duk ƙasar wajen cika fom ɗin FAFSA. Wasu malaman Jami'ar Tennessee biyu, Celeste Carruthers da William Fox, sun yi nazarin shirin farko na yankin Knox, suka buga sakamakonsa a 2016. Sun gano cewa yaran da suka shiga shirin sun fi takwarorinsu wucewa kwaleji nesa ba kusa ba, kuma tasirin ya fi bayyana a kan 'ya'yan marasa ƙarfi, wato waɗanda galibinsu ba su karɓi wani kuɗin kirki daga shirin ba.

Yaya aka yi haka? Dalili na farko shi ne sauƙin saƙon. Tallafin Pell ya fi shekara 40 yana nan kafin a kafa shirin, amma yaro da yawa bai san da shi ba, ko ya ji labarinsa amma bai san nawa zai samu ba sai bayan ya nemi makaranta. Iyayen da ba su taɓa shiga kwaleji ba sukan ji tsadar manyan jami'o'i a labarai, su yanke hukunci tun yaro yana ƙarami cewa wannan hanya ba tasu ba ce. Da gwamna ya fito ya ce kowa zai yi shekara biyu kyauta, sai magana ta shiga kowane gida, malamai suka sami abin faɗa wa ɗalibai a taƙaice, yaro ya fara ɗaukar kansa a matsayin mai zuwa kwaleji.

Dalili na biyu shi ne tilasta cika fom. Yaron da ya zo neman kuɗin jiha, a hanya sai ya tarar da kuɗin tarayya da ke jiransa tun tuni. Da bai zo ba, da kuɗin ya wuce shi bai ko sani ba.

Dalili na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne masu jagora. Kowace shekara dubban manya suna ba da kansu kyauta: ma'aikatan banki, malaman asibiti, 'yan kasuwa, tsofaffin malamai. Akan ba kowannensu 'yan ɗalibai kaɗan, kuma abin da ake nema daga gare shi bai wuce kamar awa ɗaya a wata ba. Aikinsa shi ne ya tuna wa yaro cewa ranar kaza ta kusa, ya fassara masa kalmomin ofis da bai gane ba, ya ƙarfafa shi ran da ya karaya. Yaron da iyayensa suka yi karatu yana da irin wannan mutum a cikin gida. Wanda shi ne na farko a zuriyarsu ba shi da wanda zai tambaya, kuma sau da yawa kunya kan hana shi nuna bai sani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka kada a zuzuta abin fiye da kima. Shiga daban, gamawa daban, kuma ɗalibai masu yawa suna barin karatu kafin su karɓi takarda. Wasu kuma da ma za su tafi jami'a ne, shirin ya karkatar da su zuwa kwalejin shekara biyu. Bayan haka annobar korona ta zo ta mayar da hannun agogo baya, har yawan masu wucewa kwaleji a cikin waɗanda suka gama sakandare a 2021 ya sauko zuwa kusan kashi 53, ƙasa da inda yake kafin a fara shirin.

Manya Ma Ba a Bar Su Ba

Yaran sakandare kaɗai ba za su isa su cika burin kashi 55 ba, don haka a 2017 jihar ta yi dokar wani shiri mai suna Tennessee Reconnect, wanda ya fara aiki a 2018. Wannan na manya ne da ke riƙe da kansu, waɗanda ba su da digiri, ko sun taɓa farawa suka bari ko ba su taɓa shiga ba. An sassauta musu, domin an san suna da aiki da iyali: suna iya ɗaukar rabin darussa, wato awa 6 a mako. Uwa mai 'ya'ya uku da ta bar makaranta shekara 15 da suka wuce tana iya komawa ta karanci aikin jinya da yamma. Gemu ba ya hana ilimi.

Yadda Wasu Wurare Suka Yi Nasu

A garin Kalamazoo na jihar Michigan, wasu masu arziki da suka ɓoye sunayensu sun kafa nasu alkawarin a 2005 domin yaran makarantun gwamnati na garin. Nasu na biyan farko ne: suna biyan kuɗin makaranta tukuna, tallafin Pell kuma ya zauna a hannun ɗalibi ya yi hidimar kansa da shi. Abin da suke dubawa shi ne daɗewa a makarantun garin. Wanda ya fara tun daga ajin yara ana biya masa duka, wanda ya shigo a farkon babbar sakandare kuma kashi 65 cikin 100.

Jihar Oregon ta fara nata a 2016, ta kuma tanadi mafi ƙarancin abin da za a ba ɗalibi ko da Pell ya riga ya biya masa kuɗin makaranta; da farko dala 1,000 ne, a 2022 aka mai da shi 2,000. Amma a 2017 kuɗi ya gaza, dole jihar ta sa iyaka ta cire 'ya'yan masu hali. Wannan ya nuna cewa alkawarin da ke jiran kasafin kuɗi na majalisa yana iya raguwa, saɓanin na Tennessee mai asusun kansa.

Jihar New Mexico ta yi doka a 2022 wadda ta haɗa da manya da masu karatun rabin lokaci, kuma tana biyan kuɗin makaranta kafin a taɓa Pell. Jihar Massachusetts ta fara da 'yan shekara 25 zuwa sama a 2023, a 2024 ta buɗe wa kowane mazaunin jihar da ba shi da digiri, tare da ɗan kuɗin littattafai ga mabukata. Za a lura cewa na baya-bayan nan sun koyi darasi daga gurɓin da na farko suka bari.

Gargaɗi Ga Namu

Akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka da iyalansu, akwai kuma matasa a nan gida da ke mafarkin tafiya. Ga na can, shawara ita ce su binciki dokar jihar da suke tun yaro yana ajin kusa da na ƙarshe, su yi tambayoyi huɗu: Yaushe ake rufe nema? Shirin na cike giɓi ne ko na biyan farko? Ana yarda da karatun rabin lokaci? Me ke sa a cire ɗalibi? Ofishin tallafin karatu na kowace kwaleji yana amsa waɗannan ba da ko kwabo ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ga na gida kuwa, a ji da kyau. An yi waɗannan shirye-shirye ne domin mazauna jihohin. Tallafin tarayya na 'yan ƙasa ne, da masu takardar zama ta dindindin, da wasu rukunoni kaɗan da doka ta ambata. Wanda ya shiga Amurka da bizar ɗalibi ba ya cikinsu. Hasali ma kafin a ba shi bizar sai ya nuna shaidar cewa yana da kuɗin da zai riƙe kansa, kuma kuɗin makarantar da za a caje shi yakan ninka na ɗan jiha sau biyu ko fiye. Saboda haka duk wanda ya zo muku da takarda, ko ya turo saƙo a waya, yana cewa a biya shi kaza zai sama wa yaro gurbin karatu kyauta a kwalejin al'umma a Amurka, a yi hattara da shi. Kada a sayar da gona ko shanun noma saboda irin wannan magana. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, asusun dala miliyan 300 ya fi ƙarfinmu, amma awa ɗaya a wata ba ta fi ƙarfin kowa ba. A kowace unguwa akwai yaron da ya ci jarrabawa amma ranar rufe rajista ta wuce shi don babu wanda ya tuna masa, akwai yarinyar da ta ga fom ta tsorata ta ajiye. A kowace unguwa kuma akwai malami, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗan fansho, wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san kwanoninta. Idan kowane ɗaya daga cikinsu ya ɗauki yara uku ko biyar daga ajin ƙarshe na sakandare, ya riƙe ranakun a kansa, ya zauna da su ran cika takarda, ya kuma riƙa tambayarsu yaya karatu har su gama shekarar farko, to mun ɗauki ɓangaren shirin da ya fi yi wa ɗan talaka amfani.